Facin da Ozella Ta Yi

Ozella Tibbs ta yi shekara talatin da huɗu tana girki a makarantar firamare ta unguwarmu a arewacin Philadelphia. Yaran da ta ciyar, waɗanda wasunsu yanzu sun yi jikoki, in ka tambaye su sai su ce, a'a, matar nan da ba ta magana? Haka suka san ta, doguwa, da farin gyale ɗaure a wuya ko da zafi ake, da ɗan littafin rubutu a aljihun gaban riga. 'Yarta Renita ma haka ta san ta. Tana da shekara biyu aka cire wa uwar maƙogwaron murya, ta girma ba ta san da wace irin murya aka rarrashe ta tana jaririya ba. Wuri ɗaya tak muryar ta rage a duniya, a cikin wata waƙa da kowa a garin nan ya haddace. Ozella ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa yarinyar ba, ni kuma da yake sakarya ce na yi.

Sunana Vernell Hairston. Gidanmu da nasu a manne suke, bango ɗaya ya raba ɗakina da na Ozella tun muna yara, saboda haka na riga kowa sanin abin da Allah ya zuba a wuyan yarinyar nan. Tana wanke-wanke tana rerawa, ni ina wannan gefen na bar nawa kwanukan ina saurare. Ni ma ina waƙa, amma tawa irin wadda ake sa wa a baya ce ta cike gurbi, kuma ban taɓa ruɗin kaina ba.

Babanta Rabaran Hosea Tibbs shi ne mai cocinmu, wani tsohon shagon sayar da kujeru da aka cire wa allon suna aka rataya gicciye. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin na kowa, kuma duk da haka ban taɓa son sa ba. Dokokinsa biyu a kan waƙa. Ba a rera waƙar duniya, kuma ba a ɗaukar waƙar coci a kaset. Cewa yake murya ta Ubangiji ce, ba a ɗura ta a gwangwani kamar wake. Wani baƙo ya taɓa zuwa da rakoda ranar bikin cika shekara na cocin, Rabaran ya sa aka fitar da ita aka ajiye a bakin ƙofa har aka tashi. Shekara ashirin Ozella tana jan waƙa a cocin nan, ba a ɗauki ko tarinta ba.

A bazarar 1979 muka yi waƙa a jana'izar wani mai aski, kuma a cikin masu zaman makoki akwai Lucius Gantt. Gajere ne, mai ƙaton tabarau, kuma in ya buɗe baki zai rera sai ka ce ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Amma shi ke rubuta waƙoƙin, shi ke tsara abin da mai ganga zai buga da inda masu busa za su shigo, kuma rabin kiɗan sol da fank da ake rawa da shi a garin daga hannunsa ya fito da sunayen wasu. A shekarar ya ce ya gaji, zai yi faifai nasa da sunansa da hotonsa a kwali, ya gayyato manyan mawaƙa huɗu kowa ya ɗauki waƙa biyu. Washegarin jana'izar ya same mu a ƙofar baya ta kicin ɗin makaranta, inda nake taya Ozella fitar da shara.

Aikin da ya zo da shi shi ne abin da suke kira muryar jagora. Manyan mawaƙan nan ba sa zuwa sai an gama kiɗa, kuma yawancinsu ba sa karanta waƙa a takarda. Sai a sa wani ya fara rera ta a kan kiɗan, a aika musu su saurara su koya. Ranar da suka zo a ɗauki tasu, a goge waccan.

"Gogewa za a yi?" in ji Ozella. "Duka?"

"Ƙarƙaf, 'yar'uwa. Ko ni na nema ba zan samu ba."

"To in dai haka ne, ba laifi."

Na dube ta. "Ke dai akwai ki da abin haushi. Mutane na neman hanyar da za a ji su, ke sai da aka ce za a goge ki sannan hankalinki ya kwanta."

"Ke ba ki da uba Rabaran, shi ya sa bakinki ya yi tsawo."

An yi hutun makaranta, muka fara zuwa. Situdiyon yana saman wani shagon dardumai, kuma da safe muke aiki, don manyan ba sa tashi sai rana ta take. A gida cewa take za ta raka ni ganin likitan haƙori. Sati shida ana yi min haƙori, har matar Rabaran ta fara dafa min kunun masara tana aiko min don tausayi.

Takalmi take cirewa kafin ta tsaya gaban makirfo. Ranar farko da ta ja waƙa, mai babbar jita ya daina kaɗawa a tsakiya ya tsaya kallon ta ta gilashi, sai da aka sake daga farko. Ya ce wa Gantt, "Oga, wai me ya sa za ka ɗauko wata daga California alhali ga wannan a ƙofar gidanka?" Gantt bai ko ɗaga kai daga takardunsa ba, ya ce waccan sunanta mutane suka sani. Ozella ta ji, ko a jikinta. Ta rera waƙoƙin takwas, na maza da na mata, ni da wasu mata biyu muna amshi a baya. Mawaƙan suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya gama sai injiniya ya danna jan maɓalli ya bi ta kan muryar Ozella. Tana zaune tana cin gyaɗa ake yi.

Ta ƙarshe da ta zo ita ce Marvella Quarles, a watan Satumba, da rigar gashi a wannan zafin da kuma mura. Kwana ɗaya ta ba su. Babbar waƙarta ita ce "Kar Ka Mayar Min Da Makulli", minti bakwai, kuma a ƙarshenta komai na tsayawa sai ganga da babbar jita, mawaƙiya ta yi ta maimaita layin nan guda har sau goma sha shida, kowane da yadda take murza shi. Ta yi ƙoƙari, ba zan ci amanarta ba. Amma a layi biyu da ke jere muryar ta tsage, ta fito kamar ta zakaran da ya fara koyon cara, ga jirginta ƙarfe huɗu. Gantt ya ce mata ya yi daidai, ya raka ta har mota, ya dawo ya kifa kai a kan tebur.

Ranar Asabar ya kira mu. Ya ce layi biyu ne za a yi wa faci, daƙiƙa tara, amma ba muryar Ozella yake so ba, ta Marvella yake so daga bakin Ozella.

"Wannan ba za a goge ba ke nan," in ji ta.

"Ba wanda zai sani. In kin yi shi da kyau, ba ke ba ce ma."

Ta cire takalminta. Sannan ta ce a sa mata ta ji. Sau uku ta saurara ido rufe. Ta ɗauki yadda Marvella ke haɗiye ƙarshen kalma, da yadda take jan numfashi ta hanci, har da 'yar dishewar murar. Ta shiga ta yi sau biyu, aka ɗauki na biyun. Da injiniya ya haɗa, Gantt ya juya baya ya ce a sa daga farkon maimaicin, zai ɗaga hannu in ya ji ɗinkin. Aka kai ƙarshe hannunsa na cikin aljihu. Ya ce zai sa sunanta a kwali ko da ƙanana ne, ta ce in ya sa ta shiga uku. Nawa dai aka sa, a layin masu amshi.

A bas muna komawa ta zungure ni. "Kin ji wurin?"

"Na ji mana, ba a gabana aka yi ba?"

"Da ba kya nan fa?"

"Da ban ji ba."

Ta juya ta dubi taga tana murmushi har muka sauka. A iya zamana da ita, ranar kaɗai na ga ta ji kanta.

Faifan ya fito da bazara ta gaba, ya kama gari. Duk motar da ta wuce da shi take wucewa, duk inda aka tare titi aka kafa gashin nama shi ake sakawa. Iri biyu ne ma, akwai dogon na faifai, akwai kuma gajeren da gidajen rediyo ke sakawa wanda aka yanke wasu layukan daga ciki, saboda haka lissafin wurin ya bambanta. A lokacin duka biyun na san su kamar lambar gidanmu. Muna zaune a dakalin ƙofa in waƙar ta zo wurin sai in taka mata ƙafa, ita kuma ta harare ni.

Mutum ɗaya ce ta gane. Sista Beulah Minton, shugabar mawaƙan cocinmu, wadda ta koya wa Ozella buɗe baki tun tana 'yar shekara shida. Tana tsaye a layin kantin magani waƙar ta fito a rediyon mai kantin, kuma cikin daƙiƙa tara ɗin nan ta ji yarinyarta. Ba mugunta ta kai ta wurin Rabaran ba, tsoro ne, a ganinta yarinyar ta kama hanyar wuta. Da ta zo wurin Ozella tukuna da abin bai kai haka ba, amma mutanen cocinmu ba su san wata hanya ba sai ta ofishin Rabaran.

Ranar Lahadi bayan wa'azi bai sallami jama'a ba. Ya fito da kwalin faifan riƙe da hankici, kamar wanda ya ɗauko mataccen ɓera, ya karanta sunayen da ke baya ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan nawa ya tsaya, ya ce daga yau Vernell Hairston ba ta cikin mawaƙan gidan nan. Na ce to. Ya kai ƙarshe, ba sunan 'yarsa.

"Ozella, taso."

Ta taso. Ya miƙo Littafi Mai Tsarki ya ce ta ɗora hannu.

"Sista Beulah ta ce ta ji muryarki a cikin wannan abin. Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Baba."

"A nan ba Baba ba ne."

"Ba ni ba ce, Rabaran. Allah ne shaidata."

Ina kujera ta uku, ina jin fankar sama tana juyawa. Ya ce Sista Beulah ta miƙe ta nemi gafarar yarinyar da ta ikilisiya. Tsohuwar ta dafa kujera ta miƙe. Ta ce kunnenta bai taɓa yi mata ƙarya ba, amma tunda yarinya ta rantse, to a yafe mata. Aka karɓe shugabancin mawaƙa daga hannunta a ranar. Ta ci gaba da zuwa coci shekara goma sha biyar, tana zama a baya kusa da ƙofa, yara na kiran ta mai jin abin da ba a faɗa ba.

Ozella ta auri Wendell Mabry mai walda a tashar jiragen ruwa, mutumin kirki da bai san komai a kan maganar ba har ya mutu. Ta haifi Renita. Sai muryarta ta fara dishewa, aka ce sanyi ne, aka yi ta ba ta zuma da lemon tsami wata takwas. Da aka je asibiti aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, mace ce da ba ta taɓa riƙe taba ba. Suka ce ko dai a cire ko ta mutu, aka cire.

Kwana biyu bayan aikin na je na same ta da bututu a wuya. Ta nuna min takarda da fensir a gefen gado, na miƙa mata. Ta rubuta, "Hukunci ne."

"Hukuncin me? Ke rufa min baki. Mata nawa ne a ɗakin nan, duk rantsuwa suka yi?"

Ta rubuta, "Da shi na yi ƙarya, shi aka karɓa."

Na yi faɗa, na kawo mata ayoyi, ni da aka kora daga mawaƙa. Kallon rufin ɗakin kawai take. Sannan ta rubuta cewa kada in taɓa gaya wa Renita, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta riƙe min hannu ta ƙi saki. Mace kwance da rami a wuya, me zan ce? Na ce na yi alkawari.

An ba ta wata 'yar na'ura da ake dannawa a wuya ta fitar da magana kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ranar da ta fara gwadawa a gida Renita ta tsala ihu ta ɓuya bayan kujera, sai ta jefa ta a aljihun tebur, ba ta ƙara taɓa ta ba. Ta koma littafin rubutu da tafi. Tafi ɗaya zo, tafi biyu bari. Renita ta iya karatu tun kafin ta shiga makaranta, don in ba ta karanta ba ba za ta san an ce ta je ta yi wanka ba. Ozella ta koma bakin tukwanenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba, ba ta daina zuwa coci ba, ta koma cikin masu nuna wa mutane wurin zama da farin safar hannu. Na fi son da ta fasa kwanuka, da na san inda zan kama ta.

Waƙar kuwa ta ƙi mutuwa. Ta tashi daga sabuwar waƙa ta koma waƙar da ba a biki sai da ita. A kantin sayayya tana nan, a ɗakin jira na likita tana nan. Na sha ganin Ozella a taron unguwa tana zuba wa mutane dankali da soyayyen kifi, waƙar na tashi a lasifika, a zo wurin a wuce, cokalinta bai ko tsaya ba. Ni ce abin ke ci. In ta fara sai in tashi in shiga banɗaki in kunna famfo. A mota in murɗa tasha. Faifaina na cusa a bayan kabad ƙarƙashin barguna. Na yi shekara fiye da talatin ban bari ta kai ƙarshe a kunnena ba, kuma a lokacin gani nake biyayya nake wa ƙawata.

Renita tana 'yar shekara goma sha biyu ta shigo kicin ɗina ta zauna a kan kujera tana kaɗa ƙafa. Ta ce, "Anti Vernell, wai yaya muryar Mama take?"

"Mai daɗi ce."

"Haka kowa ke cewa. Mai kauri ce ko siririya?"

"Tsaka-tsaki."

"Kamar tawa?"

"Ke ai muryar babanki kika ɗauko, Allah ya ji ƙansa da walda dai ya iya."

Ta yi dariya, amma ba ta tashi ba. Ta tambaye ni ko akwai wani mawaƙi a rediyo da ya ɗan yi kama da ita, ko kaɗan ne, don ta riƙa kwatantawa. Na ce ban san kowa ba. Na ba ta biskit ta tafi, na zauna ina jin haushin kaina da na uwarta da na kakanta.

Rabaran ya mutu, na ce wa Ozella to yanzu fa? Ta girgiza kai. Sista Beulah ta mutu, Ozella ce ta goge mata rigar da aka binne ta da ita. Ranar auren Renita aka sa waƙar, amarya ta fito tsakiyar fili da farar rigarta tana juyi tana bin layin da baki. Na matsa kusa da Ozella na ce, "Ga ta can tana rawa da muryarki. Don Allah ki faɗa mata, ko ki bar ni in faɗa. Duk waɗanda kike tsoro suna ƙasa." Ta fito da littafin ta rubuta a kan gwiwa, a hankali, ta miƙo min. "Sista Beulah ta tafi da sunan maƙaryaciya. Ni kuma in tashi da sunan mawaƙiya?" Ta karɓe littafin ta mayar aljihu, ta ci gaba da kallon masu rawa.

Gantt ya mutu, injiniyan ya riga shi. Aka mayar da situdiyon gidajen haya, ba wanda ya san inda manyan tef ɗin suka shiga. Marvella Quarles ta yi shekara talatin tana rera waƙar a dandali, kuma na taɓa jin ta a talabijin tana cewa ranar da ta ɗauke ta tana fama da mura, ita kanta ba ta san yadda ƙarshen ya fito haka ba, ikon Allah ne. Ba ƙarya take ba, ba ta sani ba ne. Ita ma ta tafi.

Ozella ta rasu a watan Maris na 2019, da rana, a kujerarta, talabijin a kunne ba sauti. Ba ta sake ni daga alkawarin ba. Na je wurin gawarta na tsaya, na duba cikina ban sami kuka ba, ban sami komai ba. Na taya su raba abinci, na wanke tukwane na koma gida.

Wata huɗu bayan nan Renita ta zo kwashe kayan gidan. Ta kira ni in zo in ga abin da ta samu. Littattafan ne, kwali shida, tun daga na asibiti. Ozella ba ta yar da ko ɗaya ba. Renita na zaune a ƙasa a tsakiyarsu, mace mai shekara talatin da bakwai da 'ya'ya biyu, tana buɗawa tana karantawa. Ki sa rigar sanyi. Wa ya cinye ragowar kazar? Na ji daɗin sakamakonki.

"Duk maganar da ta taɓa yi min tana nan, Anti," in ji ta. "Amma in na karanta da muryata nake ji. Ba ni da wata da zan sa mata."

Na zauna a hannun kujera na gaya mata komai, tun daga ƙofar kicin har Littafi Mai Tsarki. Ban nemi gafarar Ozella ba, na ce in mun haɗu ma yi ta. Renita ba ta katse ni ba. Da na gama ta rufe littafin da ke hannunta.

"Waƙar aurena," ta ce.

"Ita."

Ta jawo waya za ta nemo, na ce a'a, ban yarda da na waya ba, ban san wanne suka sa ba. Na shiga gida na tono faifan daga ƙarƙashin barguna. Mijinta na da garmaho, muka tafi gidansu, ta kori yaran waje. Ƙarfe uku na rana ne. Ta goge faifan da gefen rigarta, ta ɗora allura, ta zo ta zauna kusa da ni ta ba ni hannunta.

"In ta shigo ki matsa min."

Masu busa suka shigo, Marvella ta fara. Na gyara na'urar ƙara ji da ke kunnena. Aka kai inda komai ke tsayawa sai ganga da babbar jita, na fara ƙirga a zuci. Na bakwai ne, na ce wa kaina. Na bakwai ya zo, Marvella ce. Ko kuwa? To na tara da na goma ne, bakwai ɗin na rediyo ne. Na tara ya zo da jan numfashi ta hanci da 'yar dishewa, daidai da na takwas, daidai da na sha ɗaya. Na kasa kunne ina neman yarinyar da na saurara ta bango shekara ashirin, ba ta ko'ina. Mace ɗaya ce ke waƙa daga farko har ƙarshe. Allura ta kai tsakiya tana ƙaf, ƙaf.

"Anti?"

"Sake sawa. Na'urar nan ce ke min tsiya."

Ta sake. Na rufe ido kamar yadda uwarta ke yi. Na tuna bas ɗin, na tuna dakalin ƙofa da ƙafar da nake takawa, na tuna har launin takalmin, amma lambar ta tafi. Goma sha shida suka wuce. Renita ta tashi ta mayar da allurar da kanta, ta dawo ta miƙo min hannunta.

A karo na uku, da aka zo na goma, na matsa.

Ta ja numfashi ta riƙe. Layin ya wuce, na bayansa ya wuce, na saki hannun. Ta tashi ta mayar da allurar baya kaɗan, ta durƙusa gaban lasifikar ta kara kunne. Ta sake mayarwa. Ta yi haka ya fi sau goma, hawaye na zuba a kan kafet, tana cewa, "Na ji ta. Anti, na ji bambancin. Ta fi taushi." Ta leƙa ta kira yaran ta zaunar da su, ta ce su yi shiru su ji kakarsu.

Ta sa an yanko mata daƙiƙa tara ɗin a waya, ta aika wa duk dangi, kuma ta ce min da shi take tashi kowace safiya. Na karɓo faifaina na sayi ƙaramin garmaho, nakan sa shi in na gama abincin rana, in zauna in ƙirga. Wata rana nakan ji kamar na goman ne. Jiya na fi zaton na shida da na bakwai.